Ranar da Kifi Ya Zubo daga Dutsen Tat Sawang

Idan lasifikar da ke kan dogon ƙarfe a tsakiyar Tat Sawang ta yi tari da sassafe, kowa ya san Mai Gari Buwafan ce ta kama makirufo. Sai ta gama gyaran murya take gaishe mu, kuma gyaran muryar nan kaɗai ya isa ya tashi zakaran da ya makara. Daga nan sai labarai: ɓaunar wane ta shiga lambun makaranta ta cinye kabewa, ma'aikatan lafiya na zuwa yi wa karnuka allura, wance ta sauka lafiya, a je barka amma ban da zama har a cinye mata shinkafa. In ta gama sai ta saka waƙa, ta manta da ita, ta tafi wanka.

Gajeriya ce kakkaura, kakin gwamnati ya matse ta a kafaɗa, kuma ba ta taɓa yarda an ba ta wanda ya fi shi girma ba. 'Yar manomi ce kamar kowa. Tana budurwa ta bi motar dare zuwa Bangkok, ta yi shekaru tana ɗinka wuyan riga a masana'anta. Can in an tambaye ta garinsu ta ce Tat Sawang, sai a dube ta a ce, "Wannan kuma a ƙasar nan yake?" Dariya take yi a lokacin, amma maganar ta zauna mata a rai. Da mahaifiyarta ta kwanta ciwo sai ta dawo gida, ta auri Kamsing, mutumin kirki wanda in ban da kamun kifi babu abin da ke sa shi sauri a duniya. Ta kafa rumfa a gindin dutse tana sayar da kwaɗon gwanda, mai barkonon da ke sa baƙi kuka su kuma ce a ƙara. Da aka zo zaɓen mai gari muka duba muka ga dama ita ke yi mana faɗa kullum, sai muka ce gara mu ba ta kakin ta yi da hujja. An kaɗa ƙuri'a, ta kayar da maza biyu.

Garinmu shi ne ƙarshen hanya a gundumar Na Kradon. Kwalta ta ƙare a garin da ke gabanmu, bayanmu sai dutse, bayan dutse sai daji. Abu guda ne ke sa a ambaci sunanmu. Gundumarmu, kamar kowace gunduma, tana da kirarinta, an rubuta shi a ƙofar shiga gari da bangon ofis, 'yan makaranta kuma suna rera shi: Na Kradon ƙasar siliki, mai dutse kamar giwa kwance, haikali a kan tudu, shinkafa mai ƙamshi, mafaɗar ruwan Tat Sawang mai sanyi. Mu ne a wutsiya, amma dai muna ciki. Buwafan kan ce da a lokacin da take Bangkok ta san za ta yi mai gari, da allon nan ta cire ta tafi musu da shi.

Gaskiya kuma a faɗe ta. Da damina mafaɗar nan ba wasa ba ce. Ruwa ke zubowa daga saman dutse fari fat, ƙararsa ta hana ka jin na kusa da kai, sanyinsa ya shiga har haƙori. Amma daga an gama girbin shinkafa sai ya fara ramewa, in zafi ya kankama kuwa babu abin da za ka tarar sai baƙin dutse da ƙadangaru suna gyaɗa maka kai. Mu mun sani, maƙwabta sun sani, kowa ya yi shiru da bakinsa shekara da shekaru.

Saura 'yan watanni Buwafan ta cika sittin ta ajiye kaki, sai aka turo mana sabon Di'o, wato babban jami'in gunduma. Sunansa Wirachai, dogo, mai tabarau, takalminsa kana ganin fuskarka a ciki. A taron wata da masu gari ke yi a ofishin gunduma ya miƙe ya ce baƙi suna kuka da mu a waya. Wasu sun tuƙo mota tun daga nesa don su ga mafaɗa, suka tarar da ƙadangaru.

"Zan bi kirarin nan da ƙafata," in ji shi. "Abin da na gani da idona ya zauna. Abin da ban gani ba a goge shi, a sa wani abu da yake akwai."

Mai Gari Sunton na Nong Hai, garin da kwalta ta ƙare, ya ɗaga hannu tun kafin a rufe baki.

"Ranka ya daɗe, gasasshiyar kazar garinmu ba ta san rani ba, ba ta san damina ba. Kullum tana nan."

Ɗakin ya fashe da dariya. Buwafan ta juya ta dube shi.

"Yaya Sunton, kazarka da sai an jiƙa ta kwana guda kafin haƙori ya shige ta? Ai ita ma ruwan take nema."

Aka sake dariya, amma da aka karanta ranar ziyara sai gumi ya karyo mata. Tsakiyar zafi aka sa, lokacin da ko kwaɗi sun shige ƙasa. Ta haɗa tafuka ta roƙa a ɗaga zuwa damina, Di'o ya ce baƙi ba sa ɗaga tafiyarsu. A kan babur ta dawo gida ba ta tsaya gaisawa da kowa ba. Abin da ke cin ta guda ne, kuma ta faɗa wa Kamsing ƙarara: ba za a ce a zamaninta aka goge sunan Tat Sawang ba.

"To ki roƙi ruwa mana," in ji shi, yana gyaran komarsa.

"Kai dai in ba kifi ba ba ka da magana."

Sai maganar kifin ta tuna mata da madatsa.

A saman dutsen, kafin ruwa ya kai bakin mafaɗa, akwai madatsar da iyayenmu suka gina, da ƙofar ƙarfe da ake murɗawa ta ɗaga daga ƙasa. Ruwan da ya kwanta a bayanta shi ke riƙe gari da rani. Nan ɓauna ke sha ta yi birgima, daga nan ake jan ruwan lambu, a ciki kuma kifin gari yake, wanda ba a taɓawa sai ranar da aka buɗe wa kowa sau ɗaya a shekara. Mai kula da ita Kawu Tongsuk ne, tsoho siriri mai ɓauna guda da yake magana da ita fiye da yadda yake yi da mutane.

Washegari lasifika ta kira taro a rumfar haikali. Buwafan ta tsaya gaban jama'a ta zayyana dabararta. Za a ɗaga ƙofar madatsa kaɗan, ruwa ya zubo, Di'o ya ɗauki hoto, a rufe. Ko tsawon tafasa shinkafa ba za a kai ba.

"'Yar nan," in ji Kawu Tongsuk, don shi bai taɓa kiranta Mai Gari ba, "ruwan nan ba na hoto ba ne. Ɓauna ba ta cin kirari."

"Kawu, ɗan kaɗan ne fa. Kamar ka ɗebi ludayi a tukunya."

"Tukunyar ce ta kusa ƙonewa. Kin hau kin gani?"

"Na gani. To so kake jikokinka su riƙa rera kazar Sunton kowace safiya?"

Nan ta kama mutane. Wata tsohuwa ta ce ita kam gara ta mutu da ƙishi. Aka ɗaga hannu, masu goyon baya suka rinjaya. Kawu Tongsuk ya ciro makullin ƙofar daga wuyansa ya ajiye a kan tabarma, ya ce shi hannunsa ba zai murɗa ba, ya fita. Buwafan ta duba wa za ta amince wa, ta miƙa wa mijinta makullin, ta haɗa shi da abokansa biyu. A ganina nan ne kuskuren ya fara, kuma duk mun gani, babu wanda ya ce uffan.

"Ka ji ganga, ka murɗa," ta ce masa. "Ka ga na ɗaga laima, ka rufe. Maimaita."

"Ganga, murɗa. Laima, rufe. Sai ka ce yaro kike aika."

Aka yi mako ana shiri. An share gindin dutse, an kori ƙadangaru, sun dawo. An watsa wa duwatsu ruwa don kada su yi kama da waɗanda suka shekara ba su ga laima ba. Mata suka fito da zannuwan silikin da ba sa fita sai biki, suka yi ta gwajin rawa da yamma. Buwafan ta hana kowa faɗin kalmar madatsa, har ta ce a lasifika duk wanda ya faɗa a gaban baƙi ita da shi ne, ta manta ana jin lasifikarmu har Nong Hai in iska ta juya.

Ranar ta zo da rana mai ƙona ƙeya. Motoci uku suka iso cikin ƙura, Di'o a gaba, dagacin yankinmu da ma'aikata a baya, har da Sunton da babu wanda ya gayyata, yana murmushi kamar an ce masa ana rabon gado. Muka jeru, maza da kaki, mata da siliki da fure a gashi. Buwafan ta haɗa tafuka a gaban hanci ta rusuna, ta rataya wa Di'o ƙyallen maraba a ƙugu, ta ja shi da surutu a hankali don kada ya iso gindin dutse da wuri. Da suka kusa kwana ta ƙarshe ta yi wa makaɗa ido. Ganga ta tashi.

Da farko shiru. Can sai muka ji gurnani daga sama, sai ga ruwa ya leƙo bakin dutse ya zubo. Ba fari ba ne, ja ne kamar shayi da madara, yana warin laka, amma ruwa ne, kuma yana faɗowa da ƙara. Di'o ya cire tabarau ya goge ya mayar. Murmushin Sunton ya tsinke. Mata suka shiga rawa, hannuwa suna lanƙwasa, Buwafan ta tsaya ƙirji a gaba, ta ji daɗin da ba ta taɓa ji ba tun da ta sa kaki.

Sai wani abu baƙi ya faɗo tare da ruwan, ya daki dutse, ya yi tsalle ya dire gaban masu rawa. Tarwaɗa ce, ƙatuwa kamar damtsen mutum.

Abin da babu wanda ya tuna shi ne, da zafi kifi can ƙasa yake taruwa inda ruwa ke da sanyi, daidai bakin ƙofar da aka ɗaga. Ta biyu ta faɗo, ta uku, sannan karfasa suka biyo kamar ana zazzage buhu. Gindin dutse ya cika da kifi yana wutsil-wutsil a ruwan da bai kai gwiwa ba.

Ni ban ga laifin kowa ba. Mutumin ƙasar nan yana iya daure yunwa, yana iya daure zagi, amma ba zai iya tsayawa yana kallon tarwaɗa tana tsalle a gabansa hannunsa na rawa a iska ba. Goggo Lamduwan da ke jan layin rawa ita ta fara. Ta yi taku biyu cikin kiɗa, a na uku ta tattare silikinta ta faɗa ruwa.

"Kifi! Jama'a, kifi!"

Shi ke nan. Layi ya watse. Masu kaki suka tuɓe takalma, makaɗa suka yar da ganga, wata ta juye kwandon shinkafar baƙi a kan tebur ta ruga da kwandon. Dagaci da kansa na gan shi ya cire hula yana tarar karfasa da ita. Sunton ma da ya zo dariya ya naɗe wando.

Buwafan ta buɗe laima ta ɗaga sama. Ta kaɗa ta, ta yi tsalle da ita, ta hau kujera ta kaɗa. Ruwa bai ragu ba. Tana cikin haka sai ta ji wata murya da ta sani a bayanta.

"Ku matsa! Ku matsa, wannan babbar tawa ce!"

Ta juya. Kamsing ne, jiƙe sharkaf, da komarsa, abokansa biyu na biye. Sun ji ihun kifi daga sama, suka gangaro da gudu, suka bar ƙofa a buɗe.

"Kamsing! Wa ka bari a madatsa?"

Ya tsaya da tarwaɗa a hannu, ya dubi sama, ya dube ta.

"Ai ba ki ɗaga laima ba lokacin."

"Makullin fa?"

Ya shafa wuya, ya shafa aljihu, ya dubi ruwan da yake tsaye a ciki. Kafin a lalubo makullin a laka, a hau dutse, a murɗa ƙofa, an daɗe.

Di'o kuwa yana tsaye inda aka bar shi, laka ta fantsama masa har tabarau, yana ta ɗaukar hoto yana dariya har da riƙe ciki. Da aka zauna cin abinci kifin aka gasa da gishiri, aka ci da shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwandar Buwafan. Ya ci, ya yi gumi, ya ce a ƙara.

"Mai Gari," ya ce, "kullum haka mafaɗar nan take?"

Ta haɗa tafuka. "Ranka ya daɗe, yau dai haka take."

Ya dube ta ta saman tabarau ya daɗe. Har yau ana gardama a garinmu ko ya gane ko bai gane ba. Abin da ya ce dai shi ne ya zaga gundumomi da yawa bai taɓa ganin inda kifi ke zubowa daga dutse ba, kuma sunan Tat Sawang yana nan daram a kirari, babu mai taɓa shi. Aka yi tafi. Sunton ma ya tafa, da kifi biyu a ledarsa.

Da motoci suka tafi ta hau dutse ita kaɗai. Madatsa ta zama fili na laka, sai ɗan ruwa a tsakiya wanda bai fi faɗin tabarma biyu ba. Kawu Tongsuk na tsaye a gefe da ɓaunarsa, su biyun suna kallo. Bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya ja igiya suka wuce ta gabanta. Ta samu abin da take so, amma kunya ta rufe ta.

Damina kuwa da saura. Kifin ya ƙare a 'yan kwanaki, wanda ba a ci ba aka zuba a tulu da gishiri. Sannan lambuna suka fara kwantawa. Motar ruwan ƙaramar hukuma takan zo jefi-jefi, a yi layi da jarkoki, a yi cacar baki. Ɓauna suka rame, suna yawo suna shinshina busasshiyar laka. Waɗanda suka ɗaga hannu a rumfar haikali duk suka manta sun ɗaga. Ba wanda ya zage ta, sai dai gaisuwa ta gajarce, in ta doso rumfar shayi hira ta mutu. Lasifika ta koma faɗin lokacin zuwan motar ruwa kawai, babu waƙa.

Ta cire kaki ta sa tsohon zani, ta ɗaura amalanke a bayan babur, ta tafi Nong Hai ta roƙi Sunton ruwan rijiyarsu. Ya ba ta, amma sai da ya tambaye ta ko da kifi take so ko babu. Kowace safiya tana jigila, Kamsing na turawa a hawa ba ya ko tari. Gidan Kawu Tongsuk take fara kai wa. Ta sauke jarkoki a bakin turke, shi kuma ya yi kamar yana gyaran igiya.

A haka sabuwar shekararmu, wadda ke zuwa da zafi, ta same mu. A al'ada ranar ana jera dattawa a kan kujeru a filin haikali, mai gari a cikinsu, kowa ya zo da ƙoƙon ruwa mai turare da fure ya zuba musu a hannu, ya nemi gafara da albarka. Sauran shekaru har wanka ake yi wa Buwafan da bokiti. Bana ta ce ba za ta je ba. Da wane ido za ta miƙa hannu a zuba mata ruwa, ita da ta zubar da na gari? Kamsing ya ce in ba ta je ba za a ce fushi take yi. Ta sa kakin, ta je ta zauna a kujerar ƙarshe, ta sunkuyar da kai.

Layi ya fara daga ɗaya gefen. Tana jin ana zuba wa tsofaffi, ana dariya, ana sa albarka. Da na gaba ya gama da tsohuwar da ke kusa da ita sai ya tsaya, na bayansa ma suka tsaya. Babu wanda ya matso. Ta ƙura wa gwiwoyinta ido, ta ce a ranta dama ta sani.

Sai ta ji ƙarar ƙarfe a ƙasa. Kawu Tongsuk ne ya taso daga kujerarsa ta dattawa, ya jawo wata tsohuwar roba mai faɗi da bokitin ƙarfe, ya tura robar ƙarƙashin hannuwanta da ƙafa. Ashe shi ake jira. Ya karɓi ƙoƙo a hannun na gaba, ruwan bai fi cokali uku ba, ya tsiyaya mata a tafi a hankali.

"Haɗe yatsunki, Mai Gari," ya ce. "Kada ya fantsama. Ɓaunata na jira."

Layi ya motsa. Goggo Lamduwan ta zuba nata ta ce saura a biya ta silikinta. Wani ya ce baɗi a sanar da shi da wuri ya zo da babban kwando. Ɗaya bayan ɗaya gari duka ya wuce ta gabanta, kowa da ɗan ruwansa, yana ɗiga daga yatsunta zuwa cikin roba, fure na yawo a kai. Ta buɗe baki ta sa musu albarka kamar yadda aka saba, murya ta ƙi fita. Matar da ake ji har Nong Hai ta kasa cewa komai, sai hawaye.

Kawu Tongsuk ya leƙa fuskarta, ya sa ƙafa ya ƙara matso da robar.

"Sunkuyo," ya ce. "Hawayen ma a ciki."